Mashigin Mida kusa da Watamu: a shiga da jirgin ruwa ko a bi gadar katako?

Hajiya, kin ce za ku yi hutu a Watamu da ke gaɓar tekun Kenya cikin watan Janairu, ke da maigida da yara biyu da mahaifiyarki, kuma rabin yini kaɗai kuka ware wa mashigin Mida. Otal ɗinku ya ba ku zaɓi biyu, yawo a jirgin ruwa ko tafiya a kan gadar katako da ta ratsa dajin mangurob, wato itatuwan nan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, kina son a faɗa miki wanda ya fi. Abin da zan fara cewa shi ne, cikar teku da janyewarta ne za su yanke muku hukunci kafin a kai ga batun kuɗi ko sha'awa, domin wurin yana sauya kama gaba ɗaya cikin sa'o'i shida.

Mida wani hannu ne na Tekun Indiya da ya kutsa cikin ƙasa a gundumar Kilifi, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 32, yana cikin yankin teku na Watamu da gwamnatin Kenya ta keɓe tun 1968, kuma UNESCO ta sanya yankin Malindi da Watamu cikin wuraren adana halittu a 1979. Ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a kowace rana, lokacin kuma yana jinkirta da kusan minti 50 daga yau zuwa gobe, saboda haka shawarar wanda ya je makon jiya ba za ta yi muku aiki ba. Cika mafi girma takan zo ne kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata da kuma bayan cikarsa, lokacin da tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa kan wuce mita 3. A irin waɗannan ranaku, a wannan gaɓa, ruwa yakan janye da hantsi ya dawo ya cika wajen la'asar. Wanda yake bin lissafin watan Musulunci zai iya hasashen ranakun tun daga gida, sai dai a tabbatar da jadawalin cikar teku na Malindi ko Mombasa.

Gadar katakon tana gefen ƙauyen Mida, ana karkata zuwa gare ta daga babbar hanyar Mombasa zuwa Malindi, don haka sai an shiga mota daga Watamu. Tsawonta kimanin mita 260 ne, a rataye take da igiyoyi, tana lilo idan an taka, kuma tana ƙarewa a wata rumfa ta kallon tsuntsaye da ke fuskantar filin laka. Ƙungiyar kare muhalli ta A Rocha Kenya ce ta assasa ta ƙarƙashin shirin ASSETS, wanda yake amfani da kuɗin masu ziyara wajen biya wa yaran yankin makarantar sakandare.

Fifikon gadar shi ne kusanci. Mai tafiya a kanta yana ratsa dajin ne daga tudu zuwa bakin ruwa, yana ganin yadda itatuwan suka jeru gwargwadon jurewar kowanne ga gishiri da nutsewa. Kenya tana da nau'in mangurob tara, kuma mafi yawansu suna Mida. Daga ɓangaren tudu za ku fara cin karo da wanda Waswahili ke kira mchu, wanda saiwoyinsa ke ɓullowa daga ƙasa dubbai kamar an kakkafa fensirori, ta nan yake shaƙar iska domin lakar ba ta da ita. Idan aka juya ganyensa za a iya ganin ƙwayoyin gishirin da itacen ya fitar, yara kuma suna son a bar su su lasa. Can ciki akwai mkoko, mai saiwoyin da ke fitowa daga jikin gangarsa su lanƙwasa su kafe a laka, wanda 'ya'yansa ke tsirowa tun suna maƙale da uwa, su yi tsayi su yi tsini, sannan su faɗo su soke a taɓo ko ruwa ya tafi da su wani wuri. A ƙarƙashin ƙafafunku kuma, idan ruwa ya janye, ƙananan ƙaguwoyi ne birjik, namijinsu yana da hannu ɗaya ƙato da yake ɗagawa yana saukewa a bakin raminsa. Da zarar inuwar mutum ta gifta sai filin ya zama wayam, idan aka tsaya cik na minti biyu sai su sake fitowa ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan ba a ganinsa daga cikin jirgi, domin a lokacin da jirgi ke iya shiga ruwa ya riga ya rufe shi.

Batun tsuntsaye ma gadar ce ke kan gaba, kuma Janairu lokacinsu ne. Daga wajen Satumba zuwa Afrilu tsuntsayen bakin ruwa da suka yi ƙaura daga arewacin Turai da Asiya sukan sauka a Mida da yawan gaske. Wanda masu kallo suka fi nema shi ne wani tsuntsu fari da baƙi mai dogayen ƙafafu da kaurin baki, abincinsa ƙaguwa, wanda yake haƙa rami ya yi ƙwai a tsibiran Tekun Fasha da Bahar Maliya. Dabarar ita ce a isa rumfar sa'a ɗaya ko biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen cikarsa, saboda ruwan da ke tahowa shi yake koro tsuntsayen zuwa gabanku. Wanda ya je ruwa na can ƙasa zai hange su ne ɗigo-ɗigo daga nesa, sai in yana da madubin hangen nesa mai kyau.

Shi kuwa jirgin ruwa, girman wurin yake nunawa: faɗin mashigin, tsibiran Sudi da Kirepwe, masunta suna duba tarkonsu, balbela da zalɓe a kan rassa, wani lokaci kuma kan kunkurun teku ya ɓullo ya shaƙi iska ya koma, domin ƙananansu suna kiwo a nan. Amma jiragen ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne ya kamata ki matsa wa otal da tambaya. Babban jirgin katako na gargajiya, wanda aka fi fita da shi kallon faɗuwar rana, yana da wurin zama mai kyau da kwanciyar hankali, sai dai a tsakiyar ruwa yake tafiya, dajin kuma daga gefe ake hangensa. Kwalekwale da ake tuƙawa da hannu shi ne yake shiga ƙananan hanyoyin da rassa suka haɗe a samansu, ba ƙarar inji da za ta kori tsuntsu, amma zamansa a ƙasa ne, yana girgiza, kuma sau da yawa sai an taka ruwa ko laka kafin a hau. A ra'ayina jirgi mai inji da ke gudu shi ne mafi ƙarancin amfani cikin ukun, ga ƙara, ga igiyar ruwan da yake tayarwa tana zaizaye gindin ƙananan itatuwa.

Idan aka dubi waɗanda za ku tafi tare, lissafin yana sauyawa. Gadar ba ta dace da dattijuwa mai ciwon gwiwa ko mai jin jiri ba, domin siririya ce, mutum ɗaya take ɗauka a jere, kuma idan yara suka yi tsalle a gaba na baya yana jin motsin. Kwalekwale ma ba nata ba ne. Babban jirgi ne wurin da za ta zauna ta more ba tare da fargaba ba, muddin an tabbatar daga inda ake hawansa kuma akwai rigunan kariya har da masu daidai da jikin yara. Su kuwa yaran, abin da za su daɗe suna ba da labarinsa yana kan gada ne, inda ake ganin ƙaguwa da wani kifi mai tsalle a kan laka ido da ido. Sa'o'i biyu a zaune cikin jirgi kan gundure su.

Saboda haka, idan hutunku ya faɗa farkon watan Musulunci ko tsakiyarsa, ni zan ba da shawarar ku raba rabin yinin gida biyu ko ku raba kanku: ke ko maigida ku kai yara gada bayan azahar ruwa na tahowa, sannan a haɗu da Mama a babban jirgi da la'asar sakaliya. Idan dole sai ɗaya, kuma dole a tafi tare, ku ɗauki babban jirgi a lokacin cikar ruwa. Da a ce ku manya ne kaɗai masu ƙoshin ƙafa, da gadar zan zaɓa muku, a ƙara da ɗan yawon kwalekwale wanda mutanen ƙauyen ke yi daga nan wurin.

Janairu lokacin iskar kaskazi ne, wato mai kaɗawa daga arewa maso gabas, ruwan sama kaɗan ne amma rana tana da ƙarfi, don haka a riƙe hula da ruwan sha da takalmin da ba a jin tsoron ya jiƙe. Da yamma sauro da ƙananan ƙwari masu cizo sukan fito, yankin kuma yana da zazzaɓin cizon sauro, sai a shafa maganin korarsu tun kafin a hau jirgi. Duhu yana saurin sauka a nan bayan faɗuwar rana, wanda hakan ke nufin Magariba za ta iya riskarku a kan ruwa. Kafin ki biya, ki tambayi otal ƙarfe nawa ruwa zai cika a ranar, wane irin jirgi ne, kuma ko kuɗin shiga na hukumar kula da namun daji ta Kenya, KWS, yana cikin farashin ko daban za a biya shi.