Kujerun kanta shida da na kai a sake wa kushin: yadda suka kasance bayan wata bakwai

Ina da ɗan shagon fura da yogot da kunun aya a wajen Zoo Road a Kano. A gaban kanta akwai dogayen kujerun ƙarfe guda shida, irin masu zagayayyen mazauni da wurin ɗora ƙafa. Na hannu na saye su, kuma ƙarfen nasu har yau garau yake, amma kushin ɗin ya mutu murus. Ledar ta tsattsage tana ɓarewa, soson ya lotse har mutum yana jin katako idan ya zauna. Ranar da wata baiwar Allah ta tashi da ɓurɓushin baƙar leda manne a farin hijabinta, ba ta ce min uffan ba, kallon da ta yi min ya wadatar.

Na taya sababbi, kuɗin da aka faɗa min ya sa na dawo gida salin alin. Wani maƙwabcina ne ya kwatanta min rumfar wani dattijo mai gyaran kujeru a wajen 'Yan Katako da ke Na'ibawa. Ban ɗauki ƙarafan ba. Kowane mazauni noti huɗu ne ke riƙe da shi ta ƙasa, na kwance su, na zuba mazaunan shida a buhu ɗaya na hau adaidaita sahu.

Ni a zatona sabon yadi kawai za a lulluɓa a kai a ba ni in tafi. Baba ya sa ƙaramin ƙarfe ya ciccire ƙusoshin ɗaya daga ciki, ya ɗaga ledar, sai ga soso yana zuba kamar garin kwaki. Inci ɗaya ne kacal, kuma irin marar nauyin nan. Ya juya katakon ya danna da babban yatsa, wurin ya nutse. Biyu daga cikin shidan ashe ba katakon gaske ba ne, irin wanda ake matsawa da garin katako ne, ya sha ruwan goge-goge ya kumbura.

"Alhaji, ko yadin Makka ka ɗora a kan wannan, wata biyu za ka dawo kana zagina," in ji shi.

Wannan maganar ce ta sa na yarda da shi. Ya yanka sabon falanki ya maye gurbin biyun, ya ɗora tsohon a kan sabon ya huda ramukan noti daidai wurinsu. Soso kuwa ya ce ko na Vitafoam ko na Mouka, duk wanda na samu, in dai mai nauyi ne, inci uku. Ya nuna min yadda ake ganewa: a ɗaga a ji nauyinsa a hannu, a matse shi a saki, mai kyau yana dawowa nan take.

Inda muka saɓa shi ne wajen abin lulluɓawa. Shi leda ya ce a sa. Ni kuma na dage sai yadi, domin duk wanda ya san Kano a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san yadda leda ke manne wa mutum a jiki idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya. "Baba, kwastomomina ba za su zauna a kan kasko ba," na ce masa. Ya yi dariya ya ce, "To ai fura za a zubar maka a kai, ba turare ba." A ƙarshe muka raba gardama: huɗu yadi, biyu leda. Na shiga Kantin Kwari na samo yadin kujera mai kauri, ruwan toka, yadi biyu. Faɗinsa inci 54 ne, mazaunan kuma inci 14, don haka kowane yadi ɗaya ya fitar da mazauni biyu har da rarar lanƙwasawa.

Na zauna na kalli yadda ya yi na farko, kuma nan ne na ga abin da nake biya. Ya shafa gam a katako ya manna soson, ya rage bakinsa da wuƙa don ya yi tudu mai santsi. Da ya zo jan yadi bai bi zagaye ba. Ya harba ƙusa ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, sannan kudu da arewa, kana ya riƙa cike tsakani yana ja da tafin hannu, yana tara ƙananan ninki a ƙasa inda ido ba ya gani. Na leda biyun ya huda musu ƙananan ramuka a katako don iska ta sami hanyar fita idan an zauna, in ba haka ba ledar kumbura take yi kamar balan-balan har ta fashe. Ya rufe ƙasan kowanne da baƙin ƙyalle.

Akwai abin da ya ɓata min rai. Kwana uku ya ce, sai da aka yi tara, wai Sallah ta matso kowa ya kawo kujerun falo. Kwana tara ina da ƙarafa shida tsirara a gaban kanta, mutane na shan fura a tsaye. Da na je karɓa kuma na tarar ɗaya ya yi tattara a gefe, da gani ka san hannun yaron shago ne. Na nuna masa, bai yi musu ba, ya kwance ya sake a gabana bai ƙara ko kwabo ba. Warin gam ya yi kwana biyu kafin ya fita. Duka abin da na kashe, har da kuɗin mota, bai kai kuɗin sababbin kujeru biyu ba.

Yanzu wata bakwai ke nan. Soson bai lotsa ba ko kaɗan, duk da akwai wani direban tirela da ke zuwa kullum da yamma, mutum ne mai jiki tubarkalla, kuma kujera ɗaya yake zama. Babu ƙusar da ta saki. Wajen aikin hannu ba ni da ta cewa, zan koma wurinsa gobe ma.

Na leda biyun tsumma mai ɗan ruwa kawai suke buƙata, su dawo kamar jiya aka yi su. Da zafi suna ɗumi, gaskiya ne, amma ba wanda ya taɓa ƙin zama. Na yadin sun fi daɗin zama, sai dai da hunturu ya shigo suka riƙa shan ƙura, in ka buga da hannu sai ta tashi. Yogot idan ya zuba ba a goge da wuri ba tsami yake bari. Sannan wani yaro ya kifar da kofin zoɓo a kan ɗaya. Na wanke da sabulu, na gwada ruwan lemon tsami, tabon ya dusashe amma yana nan, shi ya sa na tura kujerar can ƙarshen kanta jikin bango.

Makon jiya na ɗauki hoton tabon a waya na kai wa Baba. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo min wayar, ya ce wa yaronsa ya auno leda yadi biyu.