Sandar Fatsa Mai Kwarkwaro: Yadda Ta Yi Mini A Tiga Da Legas

Tun ina yaro da sandar gora nake fatsa: zaren lailon, ƙugiya ɗaya, sai guntun silifas da ake ɗaurawa ya riƙa yawo a kan ruwa. Sai bana, da bazara ta kawo jiki, na sayi irin sandar nan mai kwarkwaron naɗe zare a wani shago a Sabon Garin Kano. Ƙirar China ce, tsawonta mita 2.7 idan an zare ta, in an mayar kuma gaɓoɓinta su shige cikin juna kamar eriyar tsohuwar rediyo, ta shiga jakar goyo. A cikin kwalin an haɗo da zare, ƙugiyoyi, darma da wasu kifayen roba masu ƙyalli. A jikinsa kuma an rubuta wai ta ruwan daɗi ce da na gishiri duka. Za mu zo kan wannan.

A dam ɗin Tiga na fara gwada ta, wajen kilomita 70 daga Kano ta hanyar Zariya. Zamanin Audu Bako aka tare Kogin Kano a wurin, aka gama aikin a 1974, kuma daga nan ake sakin ruwan da manoman rani na Kadawa da Kura suke ban ruwa da shi. Saboda haka kafin watan Afrilu ruwan ya ja baya sosai, duwatsu sun fito, bakin gaɓa ya koma taɓo da ruwa iya ƙwauri, mai ɗumi kamar an sirka na wanka. Kifin kirki ba ya zama a irin wannan ruwan, yana can ciki inda zurfi da sanyi suke. Mai sandar gora iyakarsa inda hannunsa ya kai, sai ya wuni yana ciro 'yan ƙananan karfasa. To a nan ne sandar ta fara biyan kuɗinta: in ka iya jifa, darmar takan ja koton ya faɗa can bayan duwatsu, inda a da sai mai kwale-kwale.

Iya jifan ne aikin. Ranar farko na fi awa guda ina warware zare, don na cika kwarkwaron har baki, da na wurga sai ya zubo gaba ɗaya ya cukurkuɗe. Wani dattijo masunci yana gyaran kalli a gefe, yana kallona.

"Ɗan birni, kifi ka zo nema ko saƙa?"

"Koyo nake, Baba."

Ya taso ya juya kifayen robar nan a tafin hannunsa, ya ce in kai wa yara su yi wasa. Ita karfasa tana ce abincinta, tarwaɗa kuma hanjin kaza da ya ɗan kwana. Ya ƙara da cewa a zafin nan wanda ya zo bayan hantsi wahala kawai ya zo sha, ko dai da asuba ko dab da magariba. Shi ne kuma ya nuna mini wajen mutanen sarkin ruwa na je na gaisa, wanda duk baƙon da zai jefa ƙugiya a ruwan mutane ya kamata ya yi.

Zaren da ya zo a kwalin, Allah ya sani, ba zare ba ne. Mako na biyu wani abu mai nauyi ya ɗauki koton, sandar ta lanƙwashe kamar baka, ban ko ga bayansa ba zaren ya tsinke, tas! Baba ya ce ragon ruwa ne, ni dai ban gani ba. Ƙugiyoyin ma da yatsa kana iya miƙar da su. Na zubar da su duka, na sayi lailon mai kauri da ƙugiyoyi a wajen masu sayar da kayan kamun kifi, kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Abin da na fi yaba mata shi ne ɗan murfin da ke kan kwarkwaron, wanda ake murɗawa a sassauta ko a matse zare. Idan ka saita shi daidai, kifi in ya fizga sai zaren ya riƙa fita a hankali yana ƙara, ƙirrr, maimakon ya tsinke. Da shi na kama tarwaɗar da har yanzu nake ba da labarinta. Gari bai gama wayewa ba, na ji an ɗan taɓa koton sau biyu, sai shiru, sai kuma aka ja. Ta nufi gindin dutse, na ɗaga sandar, ta ja na saki, ta tsaya na naɗe. Mun kai minti goma a haka kafin ta taso, baƙa wuluk, gashin bakinta yana shara ruwa, tsawonta daga yatsuna zuwa gwiwar hannu har da ɗoriya. Da sandar gora ce, da tuni ɗayanmu ya haƙura.

A gida maman yara ta murje ta da toka, ta bi da lemun tsami har yauƙin ya fita. Ta fara dafa romon shi kaɗai, da attaruhu, albasa, citta, masoro, tafarnuwa da ɗan daddawa, sai da ya nuna sannan ta jera gunduwoyin. Ba a juya farfesun tarwaɗa da ludayi, tukunyar ake girgizawa, in ba haka ba ya dagargaje. Wanda ya saba da tarwaɗar kiwo zai ji bambanci tun a loma ta farko: wannan ba kitse, tsokarta a tsuke take, ba ta da ƙarnin nan na abincin buhu. Karfasa uku da na haɗo da su kuwa tsaga su na yi, na cusa yajin ƙuli da man gyaɗa, na ɗora a garwashi. Yara ko ƙaya ba su so bari ba.

Sai batun ruwan gishiri. A watan Mayu harka ta kai ni Legas, na tafi da ita, wani abokina ya kai ni bakin teku wajen Badagry. Sandar ta yi ƙaranci da igiyar ruwan can, darmar ma ba ta zama wuri ɗaya, ƙananan kifaye biyu kawai na samu. Na ninke ta na jefa a jaka ban ɗauraye ba. Laifina ne, na yarda. Amma kwana biyar kacal, da na buɗe a Kano, zobban da zare ke bi sun yi ja, hannun kwarkwaron yana ƙugi kamar tsohon injin markaɗe. Abin da aka ce na teku ne bai kamata ya ci tsatsa da wuri haka ba. Na kwance shi, na wanke da kananzir, na ɗiga man keken ɗinki, ya dawo yana juyawa, amma laushinsa na da bai dawo ba.

Mai zuwa Tiga, Bagauda ko Challawa ranar hutu, ya saya, ya canza zare da ƙugiya tun kafin ya bar gida. Mai niyyar teku ya ƙara kuɗi ya nemi wata. Tawa tana rataye a bayan ƙofa. Baba ya ce in dawo da zarar an yi ruwan fari shinge ya fito, wai lokacin ne karfasa take hauka.