Ƙari biyu a idon sawu: mai zubar da jini da mai haifar da tsakuwa

Ɗan'uwa, ka ce idon sawunka ya yi wata takwas yana kumbura alhali ba ka yi targaɗe ba, kuma likitan ƙashi ya ambata maka cututtuka biyu, PVNS (gajeren sunan pigmented villonodular synovitis) da sinobiyal kondromatosis, kana neman sanin inda suka rabu. Dukansu daga tantanin da ya shimfiɗe cikin gaɓa suke tasowa, dukansu ba ciwon daji ba ne, kuma sun fi kama gwiwa, shi ya sa idan suka ɓullo a idon sawu akan daɗe ana ba da maganin amosanin gaɓa kafin a gano su.

A PVNS, tantanin ne yake yin kauri yana tsiyayar da jini a hankali. Idan likita ya zuƙo ruwan gaɓar da allura, yakan fito ja ko ruwan ƙasa, sinadarin ƙarfen da tsohon jinin ya bari kuma yana bayyana baƙi ƙirin a hoton MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu), wanda shi ne babbar shaida, domin hoton ƙashi da farko sau da yawa ba ya nuna komai. Ita kuwa kondromatosis, ƙananan ƙwallayen guringuntsi take haifarwa, wasu su ɓalle su riƙa yawo, gommai, wani lokaci ɗaruruwa. Mai ita yakan ji gaɓar ta cije yana cikin tafiya, jim kaɗan ta saki, kuma idan ƙwallayen sun taurare, hoton ƙashi kaɗai yakan nuna su kamar an watsa tsakuwa.

Tiyata ce maganin dukansu. A kondromatosis ana kwashe ƙwallayen, wani lokaci tare da tantanin, sannan a tura su ɗakin gwaji, domin a wasu 'yan tsiraru takan rikiɗe ta zama daji. PVNS ce ta fi wahalar sha'ani: wadda ta dunƙule wuri guda ba kasafai take dawowa ba, amma wadda ta bazu tsakanin jijiyoyin idon sawu, wurin da yake matsattse ƙwarai, takan sake tsirowa ko da an yi aiki mai kyau. A shekarar 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna pexidartinib ga manya masu PVNS da tiyata ba za ta amfane su ba, sai dai yana iya yi wa hanta mummunar illa, don haka ana bibiyar mai shan sa da gwajin jini.

A ganina, kafin ka sa hannu a takardar tiyata, ka tambayi likitan ko an yi MRI, kuma idan PVNS ce, dunƙulalliya ce ko bazazziya.