Bindiga na fita nema, kyamara mai jiniya na dawo da ita

Duk mai zama a bakin gari a Kaduna, Rigasa ne ko Mando ko can wajen Danbushiya, ya taɓa kwana da tunanin ajiye bindiga a gida, musamman tun 2021 da aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka. Ni ma na shiga tambayar wacce ta dace da wanda bai taɓa ɗana kunama ba. Kafin a kai ga maganar ƙira, doka ce ta tare ni.

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da na soja irin su AK-47 haramtattu ne, sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da su ba izini ɗaurin shekara 10 ke jiransa. Ta farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da izininta, amma ban da mai sarrafa kanta. Sai ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wannan a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha take. Ke nan zaɓin ɗan koyo bai wuce mai baki biyu ba, ita ma a Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisi. Ko a 2022 da Gwamna Matawalle ya ce Zamfarawa su nemi bindiga, nan take Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin.

Wani dattijo maƙwabcina, tsohon ɗan sanda, shi ya ƙarasa sanyaya min gwiwa. Ya ce, "Ɗana, harsashi biyu, a hannun wanda bai taɓa harbi ba, cikin duhu, ga yara a ɗaki? Wa kake ganin za ta fara samu?"

Abin da na saya a madadinta kyamara ce mai farantin sola da batir a cikinta. Ana sa mata layin waya da katin memori, tana da fitila da jiniya, kuma da ta ji ɗumin jikin mai motsi sai ta turo saƙo a waya. Ba ruwanta da wutar Nepa, wanda shi ne babban dalilina. An kafa min ita a saman katanga tana kallon ƙofar gida da lungun da ke gefe.

Hoton rana ras yake, har lambar Keke Napep nakan karanta idan ya tsaya a ƙofa. Na dare kuma ya danganta da nisa. Wanda ya matso kusa da ƙofa za ka gane fuskarsa, wanda ke bakin lungu sai dai ka ce mutum ne. Abin da ya fi burge ni shi ne magana ta cikinta: ina kasuwa almajiri ya yi sallama, na amsa masa ta waya, yaro ya tsaya yana ɗaga kai yana neman mai maganar.

Wahalarta ta farko yawan ƙarya. Akuya, mage, kazar maƙwabta, kowa sai ta kawo min rahotonsa da tsakar dare, har uwargida ta ce in ban rage mata kunne ba a zaure zan riƙa kwana da wayar. Da na rage ƙarfin jin motsin, na kuma zana mata iyakar inda za ta lura da shi, abin ya lafa. Da hunturu ƙura kan rufe farantin, in ba ka hau tsani ka goge ba batir ba ya kai asuba. Haka ma a marka. Data kuwa tana sha idan ka cika leƙe. Sai babbar matsala, sabis. Mu da muka ga an katse layukan waya a wasu sassan jihar nan daga ƙarshen Satumban 2021 mun san rana ɗaya ake wayar gari babu. In hakan ta faru za ta ci gaba da naɗa a kati, amma saƙo ba zai zo ba.

Jiniyar cikinta ba ta da ƙarfin tada unguwa, don haka na ƙara wata babba daban. Ita ma ba ta yi amfani ba sai da muka zauna da mutanen layinmu da 'yan sintiri muka yi yarjejeniya: in ta yi kuka, kowa ya kunna fitilar waje, masu usur su busa, a kira ofishin 'yan sanda. Ɓarawon tsallake katanga wannan ya ishe shi. Masu zuwa a kan babura da manyan makamai kam kyamara ba ta tare su, iyakarta ta ba ka mintunan kulle ƙofar ƙarfe da tattara yara wuri ɗaya.

Mai niyyar saye ya sa a gwada masa layin da ya fi ƙarfi a unguwarsu kafin ya biya, kuma ya canza lambar sirrin da mai kafawa ya sa, don kada wani ya riƙa kallon ƙofar gidansa daga shago.