Yatsa, fuska ko lamba: da me za ka kulle sabuwar wayarka?

Ni dai in zan sayi waya yanzu, tambayata ta farko ita ce: in ina barci, za ta buɗu? Wani yaron gidanmu a Tudun Wada ne ya koya mini wannan karatu. Na dawo kasuwa a gajiye, na miƙe kan tabarma, ya lallaɓo ya dangwala babban yatsana a jikin wayar. Ko da na farka an sayi data daga asusuna, don manhajar bankin ma da yatsa na kulle ta. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma da baƙo ne fa?

Yatsa akwai sauri, ba musu. Sai dai tun 2013, kwanaki kaɗan da fitowar iPhone 5s, ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus ta buɗe ta da yatsan bogi da aka kwaikwayo daga sawun yatsa a jikin gilashi. Lambar sirri in ta fallasa ka sauya wata; yatsa kuwa da shi za a binne ka.

Buɗewa da fuska a ƙananan wayoyin Android, kyamarar gaba ce kawai ke kallonka, har hoto kan yaudari wasu. Kashe ta. Kulle waya da zanen layi a kan gilashi kuma, maiƙon hannunka ke tona shi.

Tawa ita ce Face ID, wato buɗewa da fuska ta kamfanin Apple, wadda ta zo da iPhone X a 2017. Tana watsa wa fuska ɗigon haske sama da 30,000 da ido ba ya gani, ta auna tudu da kwarinta, shi ya sa hoto ba ya cin ta. Kuma sai idonka na buɗe, kana kallonta. Apple ya ce yiwuwar baƙo ya buɗe ta ɗaya ce cikin miliyan, ta yatsa ɗaya cikin 50,000. Amma shi da kansa ya yi togaciya kan tagwaye, 'yan'uwa masu kama da juna da yara 'yan ƙasa da shekara 13. In ka ga alamar 'yan ƙwace, danne maɓallin gefe da na sauti tare, ba za ta sake buɗuwa ba sai da lamba.

To, a nan gizo ke saƙa. Yawancinmu ta hannu muke saye, a Kasuwar Gumi ko shagunan titin Ahmadu Bello a nan Kaduna. Akwai waɗanda aka sauya wa gilashi aka lalata na'urar fuskar, kuma ba kowane mai gyara ke iya tayar da ita ba. In mai shago ya ce, "Alhaji, ai saiti ne kawai, a gida za ta yi," ajiye masa kayansa. Akwai tsohuwar iPhone XR da ake sa wa rigar sabuwar iPhone, akwai ma jabun da cikinta Android ne. Saita fuskarka a gabansa, rufe ido ka gwada, miƙa masa shi ma ya kalla. Ka tabbatar an cire iCloud, wato asusun Apple na mai ita na da, kafin ka ƙirga kuɗi, ka karɓi rasit.

In aljihu bai kai nan ba, ɗauki mai yatsa, ka sa lamba shida wadda ba ranar haihuwarka ba. Manhajar banki kuwa, ko a wace waya, tun ranar tabarmar nan da lamba nake shigarta.