Sharhi kan shayin ƙara kuzari na gargajiya da ake sayarwa a Kano

Shayin da zan yi sharhi a kansa ana sayar da shi ne a ƙulle cikin leda a shagunan magungunan gargajiya da wasu rumfunan Kasuwar Kurmi. A jikin takardarsa an rubuta cewa yana ƙara kuzari, yana ƙara jini, yana wanke ciki, yana kuma daidaita hawan jini. Kayan haɗin da aka lissafa su ne zoɓo da busasshiyar citta da kanumfari da kirfa da irƙusus (wata saiwa mai zaƙi) da filasko, amma ba a faɗi yawan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma babu lambar rajistar hukumar NAFDAC. Na sha shi na ɗan lokaci a cikin hunturu, kofi ɗaya da safe.

Ta fuskar ɗanɗano ba ni da abin kushewa. Tsamin zoɓo da yajin citta sun dace da juna, ƙanshin kanumfari bai yi yawa ba, ga wani zaƙi da ke saura a maƙogwaro ko da ba a saka sukari ba. Jiki yana ɗumi bayan an sha, kuma wannan aikin citta ne, domin sinadarin jinjarol da ke cikin ɗanyarta yana rikiɗewa zuwa shogawol idan ta bushe, shi kuwa ya fi yaji. Kanumfari yana ɗauke da yujinol, wanda ke ɗan kashe zafi, shi ya sa iyayenmu ke cusa shi a haƙori mai ciwo.

Zoɓo ne ginshiƙin haɗin, kuma a kansa bincike ya fi ƙarfi. Jan launinsa daga sinadaran antosayanin yake, tsaminsa kuma daga nau'o'in asid irin waɗanda ake samu a lemon tsami. A wani bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka da aka wallafa a 2010, an raba mutum 65 masu jinin da ya fara hawa gida biyu, waɗanda suka sha kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6 lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7, yayin da ta ɗaya rukunin, da aka ba abin sha marar zoɓo, ta sauka da maki 1 kacal. Wannan sauƙi ne na gaske, sai dai bai kai a ajiye maganin asibiti saboda shi ba. Batun ƙarin jini kuwa, ina ganin launin ne ke ruɗin jama'a, domin antosayanin ba shi da alaƙa da sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata wajen ƙera jini.

Abin da ya dame ni matuƙa shi ne haɗa zoɓo da irƙusus a leda ɗaya, a kuma ce wa mai hawan jini ya sha. Zaƙin nan da na yaba daga gilisirizin ɗin da ke cikin irƙusus yake, sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta kuma zubar da fotasiyam, wanda sakamakonsa hawan jini ne da kumburin ƙafa ga wanda ya daɗe yana sha. Masana a Turai sun ba da shawarar kada ya wuce miligiram 100 a rana, to ta yaya mai saye zai san abin da ya shiga cikinsa alhali ba a rubuta awo ba? Hukumomin lafiya na ƙasar Finlan ma suna shawartar masu juna biyu su guje shi.

Filasko shi ne mai "wankin cikin". Sinadaransa na sanosaid ba sa aiki sai sun isa babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriya na cikinsa ke warware su, shi ya sa murɗar ciki da zawayi suke zuwa bayan sa'o'i 6 zuwa 12, kamar yadda na gani a kaina da yammacin yawancin ranakun. Maganin taurin bayan gida ne na 'yan kwanaki, ba abin sha na kullum ba, kuma shi ma yana fitar da fotasiyam. Idan ya haɗu da irƙusus a jikin dattijon da ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari, bugun zuciyarsa na iya rikicewa. Kirfa mai kaurin ɓawo tana da sinadarin kumarin da ke wahalar da hanta idan ya yi yawa, ko da yake ɗan abin da ke cikin kofi ɗaya bai tayar mini da hankali ba.

Na daina sayen haɗin. Yanzu zoɓo da citta da kanumfari nake saya daban-daban, ina ganin tsabtarsu da idona, in tafasa gwargwadon buƙata. Masu hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya, da mata masu ciki, ba na ba su shawarar shan na ledar nan, sai idan sun kai takardar kayan haɗinsa wurin likita ko mai harhaɗa magunguna ya duba.