Katin inshora da likitan ƙwaƙwalwa: yadda ta kaya mana

Inshorar lafiya ta ma'aikatan gwamnatin tarayya tana biyan kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa. Yawancin abokan aikina ba su san da haka ba, a ganinsu katin na zazzaɓin cizon sauro ne da awon ciki kawai. Da shi muka yi jinyar uwargidana, kuma duk wanda ya tambaye ni zan ce masa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Hanyar isa gaban likitan ce dai ke cin rai.

Bayan ta haifi 'yarmu ta uku, tun ba a yi arba'in ba, barci ya ƙaurace mata. Sai kuka babu dalili, abinci sai an yi da gaske, jaririya na tsala ihu ita kuwa ta zuba wa bango ido. Wani dare ta ce mini, "Baban Ummi, ni fa ba uwar kirki ba ce, da ma babu ni." Dangi suka ce iska ce ta jego, wasu suka ce sammu. An yi ruƙiyya, kuma har yau ba mu bar addu'a ba. Amma waccan maganar ta sa na ɗauko kati.

A tsarin NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ba ka tashi kai tsaye ka nufi wurin ƙwararre. Sai ka fara zuwa asibitin da ka zaɓa tun lokacin rajista, likitan can ya duba, ya rubuta takardar turawa. Daga nan a nemi lambar izini daga kamfanin HMO da ke riƙe da ku, wato kamfanin da ke shiga tsakanin hukumar da asibitoci, domin da wannan lambar babban asibiti zai karɓi kuɗinsa. Likitan asibitinmu na farko ya so ya rubuta maganin barci ya sallame mu. Da na maimaita masa abin da ta faɗa da bakinta sai ya ajiye biro, ya yi mata tambayoyi, ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ya rubuta takardar. Don haka kar kunya ta sa ka rage magana a ɗakin likita. Idan ka tsaya a kan "ba ta barci", maganin barci za ka tafi da shi.

Lambar ce ta ba mu wuya. A kira waya ba a ɗauka, idan an ɗauka a ce takardar ba ta iso ba, asibiti kuma su ce sun aika tuntuni. A 2025 hukumar ta umarci kamfanonin su riƙa bayar da lamba cikin sa'a ɗaya da nema, kuma idan larura ta gaggawa ce a fara duba majinyaci kafin maganar lamba. Da na ambaci wannan a waya, muryar ma'aikaciyar ta canza, lamba ta fito kafin la'asar. Ban ce kowa zai dace haka ba.

Sai batun ina za a je. Jerin asibitocin da kamfanin ya ba ni dogo ne, amma kusan duk masu zaman kansu da ke ciki ba su da likitan ƙwaƙwalwa, sai dai a ce yana leƙowa wata rana a mako. Laifin ba nasu ba ne kaɗai: likitocin wannan fanni a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutane sama da miliyan 200. A Arewa wuraren da aka sani su ne asibitin Barnawa a Kaduna, na Kware a jihar Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, sai sassan ƙwaƙwalwa na manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Kafin ka ɗauki mara lafiya, ka je da ƙafarka ofishin inshora na asibitin ka tambayi abu biyu: suna karɓar kamfaninku, kuma wace rana likitan ke zama.

Surukata ba za ta yi mini magana ido da ido ba, sai ta aiko yayan matata. Ya ce, "Malam, Hajiya ta ce wai Dawanau za ka kai mata 'ya?" Sunan kaɗai ya isa ya tayar da hankalin gida, ko da yake masu aiki a can aikinsu suke yi. Na zaɓi babban asibiti mai sassa da yawa, inda mai ciwon ido da mai karaya da mu duk ƙofa ɗaya muke shiga. Maƙwabci ya gan ka, bai san layin da ka bi ba. Da wannan Hajiya ta amince, har ta riƙa raka ta.

Likitar da muka samu, Allah ya saka mata da alheri. Ta fitar da ni waje ta zauna da uwargida su biyu, sannan ta kira ni. Ta zaɓi maganin da ya dace da mai shayarwa, ta gargaɗe mu cewa sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma ko an ji sauƙi ba a dainawa sai an ƙara aƙalla wata shida. Nan ne inshorar ta nuna amfaninta, domin ciwo ne na doguwar jinya. Ganin likita ba mu biya ko kwabo ba, magani kuwa kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa muke bayarwa. Mai saye da aljihunsa yakan daina da zarar ya ga fuska ta washe, sai ciwo ya dawo.

Akwai watan da aka ce maganin ya ƙare a kantin asibiti, muka saya a waje da cikakken kuɗi, kuma babu wanda ya mayar mana. Layi yana da tsawo, idan ba ka yi sammako ba sai azahar. Zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, wanda likitar ta ce zai taimaka ƙwarai, samun gurbinsa ya fi samun magani wuya nesa ba kusa ba. Ga kuma sabunta lamba, wanda ba ya ƙarewa.

Katin yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Matashi ɗan shekara ashirin da wani abu, wanda a irin shekarunsa ne manyan cututtukan ƙwaƙwalwa suka fi fara bayyana, ya riga ya fita daga katin mahaifinsa. Mai irin wannan ɗa, ko mai mata fiye da ɗaya, ya nemi a yi musu rajista ta daban tun suna lafiya, domin sabon kati ba ya fara aiki ranar da aka biya.